Baƙin Man da Ya Kwanar da Mu a Magariya

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Sabon Gari, a kasuwar Juma'a, har manoman Achika da Dagumawa da nake ɗauko wa hatsi, kowa sai ya tare ni ya ce yaya Nijar, kuma da gaske ne motata ta mutu a hanya. Na ba da labarin har na gaji, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin. Shekaranjiya wani ya rantse min cewa amalanken shanu ne ya ja mu zuwa cikin gari. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Motata ba ta mutu ba. Baƙin mai ne ya dinga ɓacewa daga injinta, ba mu san ta inda yake bi ba.

Gwaggo Hajara ƙanwar mahaifina ce, a nan Wudil take. Tana da yaya, Gwaggo Abu, wadda aure ya kai Damagaram tun kafin a haife ni, kuma rabon su da ganin juna ya fi shekara goma. Wata ranar Talata aka bugo waya cewa Gwaggo Abu ta kwanta, jiki ya yi tsanani, ba ta kiran sunan kowa sai na ƙanwarta. Gwaggo Hajara ta aiko a kira ni. Ta ce gwiwoyinta ba za su jure motar haya ba, kuma tana da kaya. Da na ga kayan na gane dalilin da ya sa ni aka kira: buhun shinkafa, buhun masara, jarkar man gyaɗa, ƙullin daddawa, kuɓewa busasshiya, da wata roba cike da garin gero da ta surfa ta niƙa don yi wa yayarta kunu.

Motata tsohuwar a-kori-kura ce mai shan fetur, gabanta na ɗaukar mutum uku. Na uku shi ne Ubale, ɗan Gwaggo Hajara, taubashina. Ya girme ni da shekara biyu, ya taɓa yin wata shida yana bin wata tirela a samartakarsa, kuma tun daga lokacin babu abin da ya shafi mota da bai sani ba. Ranar Laraba na kai motar wurin Sule, makaniken da ke duba min ita shekara da shekaru, ya yi mata juyen mai, ya sa sabuwar filta. Ranar Alhamis bayan asuba muka ɗauki hanya, da lissafin mu yi azahar a Damagaram.

Mun wuce Kano lafiya, muka bi ta Minjibir. A Kunya Gwaggo ta ce a tsaya ta miƙe ƙafa, ni kuma da yake al'adata ce na buɗe bonet na zaro sandar awon mai. Na goge ta, na mayar, na sake zarowa. Man da aka cika jiya ya sauka kusan rabi. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin mota, ban ga komai ba sai ɗigo biyu a ƙasa.

Ubale ya ce ba sai na wahalar da kaina ba, ring ɗin cikin inji ne ya tafi, injin ƙone man yake yi. Na ce in ƙone shi yake yi ai da mun ga hayaƙi a salansa. Ya ce akwai ring da ke tafiya ba hayaƙi. Na tambaye shi inda ya taɓa ganin haka, ya ce a Legas. Ubale bai taɓa zuwa Legas ba. Na ɗauko ragowar man da Sule ya bar min a galan na ƙara, muka ci gaba, idona ɗaya a titi ɗaya a madubi ina neman hayaƙin da babu shi.

Da muka isa Babura na sake aunawa. Ya sake sauka, har ya fi na farko. Wannan karon da na kwanta na leƙa, duk cikin motar ya jiƙe, tun daga ƙasan inji har giya, kamar an shafe ta da mai da gangan. Muka nemi makanike aka nuna mana wani a bakin tasha. Kafin ya gama sa hannu mutum bakwai sun kewaye mu, kowa da ra'ayinsa. Mai sayar da rake ya ce man jabu aka zuba min. Wani ɗan acaɓa ya ce sil ɗin bayan inji ne, robar da ke tare mai, sai an sauke giya. Shi makaniken ya shafa yatsa a kaskon mai na ƙasan inji, ya nuna min yatsan ya jiƙe, ya ce gasket ne, abin da ke like bakin kaskon. Ya ɗaure notuna, ya lafta wani jan gam a kewayen kaskon, ya ce mu jira ya bushe. Muka jira awa biyu. Muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, mai abincin ta tambaye ni ko a ƙara mai, Ubale ya yi dariya har ya ƙware.

A nan ne na yi abin da nake jin kunyarsa har yanzu. Zafi ya ishe ni, Ubale ya ishe ni, maganar mai rake kuma ta zauna min a rai. Na buga wa Sule waya, ban ko gaishe shi ba. Na ce masa lafiya lau motata take kafin ta shiga hannunsa, in man banza ya zuba min ko ya bar wani abu a kwance ya faɗa min gaskiya, kuma in wani abu ya sami tsohuwar nan da na ɗauko a hanya shi ne sanadi. Ya ce in duba filta ko tana zuba. Na ce na duba. Ya ce to Allah ya kai mu lafiya, ya kashe. Gwaggo tana zaune a gaban mota tana jin komai.

A kan iyaka ta Babban Mutum ɓangarenmu bai ɗauke mu lokaci ba. Da muka tsallaka ne Ubale ya ce in bar masa magana, shi ya san kan Faransanci. Ya sauka ya tunkari wani jami'i mai kaki ya ce masa bonjur. Mutumin ya ɗauka ya sami ɗan gari, ya zubo masa Faransanci, Ubale yana ta gyaɗa kai yana wi, wi. Sai kawai muka ga an nuna mana gefe an ce mu sauke kaya gaba ɗaya. Ashe tambayarsa aka yi ko kayan na sayarwa ne, ya ce eh. Aka ce ko akwai wasu a ɓoye ƙarƙashin buhuna, nan ma ya ce eh.

Muna cikin sauke buhun masara a tsakiyar rana Gwaggo ta buɗe ƙofa ta sauko da sandarta. Ta gaida jami'in gaisuwa mai kyau, ta tambaye shi gida da iyali, sannan ta ce masa yayarta ce ba lafiya a Damagaram, wannan tsarabarta ce, wannan mai wi-wi ɗin kuma ɗanta ne, a yi haƙuri da shi, tun yana ƙarami haka yake. Mutumin ya amsa mata da Hausa tsantsa, ya ce Allah ya ba mai jiki lahiya, ya duba takardunmu ya buga hatimi. Da zan tafi ya nuna min ƙasa da baki, ya ce motata tana zubar da mai. Na ce na gode, na sani.

Abin da na fara lura da shi a can shi ne ba sa son a faɗo musu da buƙata kafin gaisuwa, ko a shingen hanya ne. Mu a nan direba ya miƙa takarda ta taga ya wuce. A can sai ka gaisa, a tambaye ka gajiya, sannan a zo kan takarda. Ban samu natsuwar ganin wani abu ba bayan wannan, don muna dab da Magariya jar fitilar mai da ke gabana ta fara ƙyaftawa. Duk mai mota ya san abin da wannan ke nufi. In injin ya bushe ya buga, shi ke nan, kuma da motar nan nake ciyar da gidana. Na gangara gefe na kashe, na juye man da na saya a Babura, muka lallaɓa muka shiga gari.

Mun isa bayan azahar, kuma garin kamar an share shi. Shaguna a rufe, gareji a rufe. Wani mai shayi a ƙarƙashin bishiya ya ce mana ba a aiki sai bayan la'asar, kowa ya tafi gida ya huta. Na ce masa gaggawa muke yi, muna da marar lafiya. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya turo mana benci. A Wudil ko ƙarfe biyu na rana ka je gareji za ka tarar da mutum a ƙarƙashin mota. Na zauna ina huci, shi kuma yana dafa shayi a ɗan ƙaramin buta a kan gawayi, yana juya shi daga kofi zuwa kofi kamar ba shi da wani aiki a duniya. Kofin bai fi kurɓi biyu ba, ga ɗaci. Na shanye na miƙe, ya ce in zauna, saura na biyu da na uku, ba a tashi a na farko.

Bayan la'asar mai garejin ya zo a kan keke, wani dattijo siriri mai furfura, sunansa Malam Mutari. Na fara zayyana masa abin da aka ce a Babura, Ubale yana cusa maganar ring. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce:

"Mai ba shi da hanya sai uku. Ko ya ƙone ya fita ta salansa, ko ya shiga cikin ruwa, ko ya zube waje. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kada mu kwance abin da bai yi laifi ba."

Ya sa na tayar da mota na taka totur, shi yana tsaye a baya yana kallon salansa. Ya ce in da ƙonewa yake yi da hayaƙin ya yi shuɗi-shuɗi, da wari irin na mai. Babu. Ya zura yatsa a bakin salansar, ya fito da baƙar toka busasshiya. Ya kwance fulogi huɗu ya jera su a kan tsumma, duk a bushe. Ya nuna wa Ubale su. Da injin ya huce ya buɗe lagireto, ruwan garau, ba mai a samansa. Ya duba cikin murfin da ake zuba mai, ya ce in da ruwa da mai sun haɗu da mun ga abu kamar madara a wurin. Shi ma babu.

Ya ce saura zuba. Na ce ai an gyara zubar a Babura, ga gam nan. Ya kwanta ya leƙa, ya taso yana kaɗe riga. Ya ce shi mai, gangarowa yake yi daga sama, iskar tafiya kuma tana kwashe shi ta shafe ko'ina, don haka wurin da ya fi jiƙewa ba lalle shi ne mai laifi ba. Kuma tun da motar ba ta zubarwa sosai in tana tsaye, to wurin sai inji na gudu mai na da ƙarfi yake buɗewa. Ya ce zai wanke injin tas, a bar shi ya bushe, da safe in haske ya fito mu gani.

Da na ji kalmar safe raina ya ɓaci. Daidai lokacin kuma aka sake bugowa daga Damagaram ana tambayar ina muke. Na ce masa zan sayi galan biyu in dinga ƙarawa har mu isa. Ya ce motata ce, amma in lissafa da kaina: daga Wudil zuwa Kunya nawa ta sha, daga iyaka zuwa nan nawa ta sha. Ko mene ne, ƙara buɗewa yake yi, kuma in ya fashe gaba ɗaya a daji bayan Bande, kafin in taka birki man ya ƙare.

Na koma wurin Gwaggo na ce bari in sa ta a motar haya ita da Ubale, in biyo su gobe da kaya. Ta ce a'a. Na ce saura tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Ta ce ba za ta shiga ɗakin yayarta hannu rabbana ba. Na ce to ta ɗauki robar garin kunu ta tafi da ita. Ta ce ba za ta bar ɗan wanta shi kaɗai a baƙon gari ba. Shekarata arba'in da shida. Na yi magiya, Ubale ya yi, mai shayi ma ya sa baki, ta kafe. Na bar wurin don kada in faɗi abin da ba a faɗa wa uwa.

Malam Mutari ya wanke injin da fetur da ruwan sabulu, ya bar bonet a buɗe, sannan ya ce babu maganar neman masauki, gidansa za mu. Matarsa ta shigar da Gwaggo ciki, mu aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Bayan magariba aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da dambu da aka cakuɗa da zogale, wanda har yau ban ci mai daɗinsa ba, duk da cewa da fushi na ci shi. Sauron Magariya kuwa bai san baƙo ba. Da safe aka kawo wani dogon burodi kamar sanda, mai ɓawo da tauri. Ubale ya gatsa ya ce na jiya ne. Maigidan ya ce yanzu aka fito da shi daga wuta, haka ake yin sa.

Da muka koma gareji injin ya bushe ƙarau. Malam Mutari ya ce yana son abu fari mai laushi, hoda ko gari. Shagon kusa bai buɗe ba, sai na tafi wurin Gwaggo da ke zaune a kan benci na roƙe ta ɗan garin gero. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ta buɗe robar ta cika min murfin kwano, ta riƙe ba ta saki ba tukuna.

"Habibu, jiya na ba ka haushi," in ji ta. "Ba kayan ba ne. Tsoron isa nake yi. Muddin muna hanya, Yaya tana nan yadda na san ta."

Tun daga Wudil hankalina na kan sandar awon mai, ban ko tambaye ta yadda take ji ba. Daga baya matar Malam Mutari ta faɗa wa mijinta cewa ko loma ɗaya Gwaggo ba ta ci ba a daren. Na ce wa Gwaggo in Allah ya yarda za mu sami yayarta da rai, na karɓi garin.

Malam Mutari ya barbaɗa shi a jikin inji, gefe da gefe, kewayen filta, ƙarƙashin murfin sama, har injin ya yi fari. Na tayar. Minti biyu ba abin da ya faru, Ubale ya fara gyaran murya. Dattijon ya ce in taka sosai in riƙe. Sai ya ɗaga hannu ya kira ni. A gefen inji, ɗan sama da filta, wani baƙin layi siriri ya keto cikin farin garin yana gangarowa. Muka bi shi da ido zuwa sama. Daga jikin wani ɗan ƙarfe yake fitowa, bai fi babban yatsa ba, mai kan roba da waya ɗaya a maƙale. Shi ya kira shi da wani sunan Faransanci, mu a nan siwic ɗin mai muke ce masa, shi ne ke kunna jar fitilar nan. Robar kansa ta tsage saboda tsufa. In mota na tsaye ba ya komai, in ta ɗau gudu sai ya dinga tsartuwa.

Na tambaye shi ko mai juyen mai zai iya jawo wannan. Ya ce a'a, ba a taɓa wurin, kuma wanda ya ɗaura filtar nan ya san aikinsa. Ya shiga bayan gareji ya ciro irinsa daga wani mataccen inji, ya ɗaura. Aikin bai kai minti goma ba. Ya sake barbaɗa gari, na taka har injin ya yi kuka, garin ya tsaya fari. Ubale ya ce shi dama ya san ba zai wuce ring ko wani abu kusa da ring ba.

Na auna a Bande, na sake aunawa a bakin Damagaram. Man bai motsa ba.

Mun sami Gwaggo Abu a kwance, ta rame har ta koma kamar yarinya, idanunta ba sa gani sosai. Gwaggo Hajara ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga, sai da ta yi sallama da wata irin murya. Daga kan gado aka ce, "Hajara ce? Tun jiya nake jin motsin mota." Ta ce, "Ni ce, Yaya." Ni da Ubale muka fito tsakar gida muka bar su. A ranar Gwaggo Hajara da kanta ta dama kunun, aka ce mai jikin ta sha rabin kofi, abin da ta kwana biyar ba ta yi ba.

Kwana biyu muka yi. Ban ga Damagaram sosai ba, in ban da manyan duwatsun da ke tsakiyar gari da kasuwa inda na sayi kilishi. Da za mu taho Gwaggo ta ce mu tafi, ita tana nan. Ta yi daidai, don bayan kwana tara Gwaggo Abu ta rasu a hannunta.

Sai da aka yi addu'ar uku sannan na iya zuwa garejin Sule. Na tarar da shi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Na yi sallama, ya fito yana goge hannu. Na shirya dogon jawabi tun daga gida, amma kafin in buɗe baki ya ce ya ji rasuwa, ya yi min ta'aziyya, ya tambaya ko an same ta da rai. Na ce an same ta, har sun yi kwanaki tare. Ya ce alhamdulillahi, abin da ya dame shi ke nan tun ranar da na bugo, har ya kasa cin abincin rana.

Na zaro tsohon siwic ɗin daga aljihu na miƙa masa. Na ce ba laifinsa ba ne, na yi masa rashin mutunci a gaban mutane, ya yafe min. Ya juya shi a tafin hannu, ya sa farce a tsagar, ya jima yana kallo. Ya ce ya kamata a ce ya gan shi ranar Laraba. Na ce dattijon da ya gano shi ma sai da ya wanke inji ya kwana. Ya tafi wurin motar ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga jan gam ɗin nan na Babura ya daskare a kewayen kasko, ya girgiza kai.

"Buɗe bonet, Alhaji," in ji shi. "Nan gaba in za ka zage ni, ka fara gaishe ni tukuna."